Vital Brazil

Vital Brazil Mineiro da Campanha (28 ga Afrilu, 1865 zuwa 8 ga Mayu, 1950), wanda aka fi sani da Vital Brazil, likita ne kuma mai binciken kimiyya ɗan ƙasar Birazil. Ya yi suna a fannin nazarin dafin macizai da haɗa makarinsa. Shi ne shugaban farko na Cibiyar Butantan da ke birnin São Paulo, wadda aka kafa a 1901, kuma shi ya kafa Cibiyar Vital Brazil a birnin Niterói a 1919.

Babbar gudummawar da ya ba ilimin likitanci ita ce tabbatar da cewa makarin dafi ba ya aiki sai a kan dafin irin macijin da aka haɗa shi da shi, ko na danginsa na kusa. A kan wannan ƙa'ida ake haɗa maganin saran maciji a duniya har yau. Ya kuma shimfiɗa wani tsari na musaya, inda manoma ke aika macizai da ransu zuwa cibiyarsa, ita kuma ta aika musu da makari, abin da ya sa maganin ya isa karkara inda aka fi buƙatarsa.

Haihuwa da asalin sunansa

An haife shi a garin Campanha da ke kudancin lardin Minas Gerais, a zamanin Sarki Pedro na Biyu, lokacin da Birazil take masarauta kuma ba a hana bauta ba tukuna. Sunan mahaifinsa José Manoel dos Santos Pereira Júnior, mahaifiyarsa kuwa Mariana Carolina Pereira de Magalhães.

Mahaifin bai ba 'ya'yansa sunan zuriya kamar yadda aka saba a can ba. Kowane ɗa yakan ƙirƙiro masa suna mai ɗauke da wurin da aka haife shi. Ranar 28 ga Afrilu ita ce ranar tunawa da waliyyi Vital a kalandar Cocin Katolika, daga nan aka samo sunan farko. Brazil sunan ƙasarsa ne, Mineiro na nufin mutumin Minas Gerais, Campanha kuma garin haihuwarsa.

Karatu

Iyalin ba masu hali ba ne, kuma sun zauna a garuruwa da dama na kudancin Minas Gerais kafin su koma São Paulo a 1880, lokacin yana ɗan shekara 15. Tun yana saurayi ya riƙa yin ayyuka don taimakon gida da biyan kuɗin makaranta. Ya yi kwandastan taragon fasinja na cikin gari, ya kuma koyar da yara.

A 1886 ya shiga makarantar koyon aikin likita ta Rio de Janeiro, babban birnin ƙasar a wancan lokaci. Ya ci gaba da koyarwa da aikin akawu don ya riƙe kansa, har ya kammala a 1891. Kundin bincikensa na kammala karatu a kan aikin saifa a jikin mutum ya yi shi. A tsakanin shigarsa makarantar da fitarsa ƙasar ta sauya sosai: an hana bauta a 1888, an kuma kawar da sarauta aka kafa jamhuriya a 1889.

Aikin lafiyar jama'a da zaman Botucatu

Bayan kammala karatu ya koma jihar São Paulo, inda ya yi aiki da hukumar lafiya ta jihar. An tura shi garuruwa daban-daban don yaƙi da zazzaɓin shawara da kwalara da sauran cututtuka masu yaɗuwa, har shi kansa ya kamu da zazzaɓin shawara a bakin aiki, ya warke.

A 1895 ya koma garin Botucatu da ke cikin ƙasa, ya buɗe wurin duba marasa lafiya. A shekarun nan noman kofi yana ta bunƙasa a jihar. Ana sare dazuzzuka ana buɗe sababbin gandaye, dubban baƙin ma'aikata kuma suna ta shigowa daga Italiya da wasu ƙasashen Turai. Yawancin masu aikin gona ba sa sa takalmi, saboda haka saran maciji ya zama ruwan dare. Likita ba shi da abin yi wa wanda aka kawo masa face ya jira ya ga yadda za ta kaya. Mutanen karkara sun dogara ne da sassaƙe da ganyayyaki, da tsaga wurin saran, da ƙona shi, da ɗirka wa majinyaci barasa.

Vital Brazil ya fara sayen macizai daga hannun manoma yana ajiyewa a akwatuna, ya koyi kama su da tatsar dafinsu. Ya bi magungunan gargajiyar da aka fi yabawa ɗaya bayan ɗaya, yana gwada su a kan dabbobin da ya yi wa allurar dafi. Bai sami ko ɗaya da ya hana dabba mutuwa ba. Ya kuma lura da dalilin da ya sa ake yarda da irin waɗannan magunguna: macizai da yawa ba su da dafi, mai dafin ma wani lokaci yakan sari mutum ba tare da ya zuba dafi mai yawa ba. Wanda ya tashi daga irin wannan sara sai a ce magani ne ya yi aiki.

Ilimin dafi kafin aikinsa

A 1887 Henry Sewall ya nuna a Jami'ar Michigan ta Amurka cewa idan aka riƙa yi wa tantabara allurar dafi kaɗan-kaɗan, jikinta yakan saba har ta jure adadin da zai kashe wata. A 1890 Emil von Behring da Kitasato Shibasaburo suka gano a Berlin cewa ruwan jinin dabbar da ta sami garkuwa daga gubar mashaƙo ko ta sarƙe-haƙora yana iya kare wata dabbar. Ruwan jini a nan shi ne ruwan nan mai launin rawaya-rawaya da ke tasowa bayan jini ya daskare, kuma a cikinsa sinadaran garkuwar jiki suke.

A 1894 masana a Faransa suka yi amfani da wannan hanya a kan dafin maciji. Césaire Phisalix da Gabriel Bertrand sun yi aiki da dafin wani macijin Turai, Albert Calmette kuma na Cibiyar Pasteur ya yi aiki da dafin gamsheƙar Asiya, wadda ya fara nazarinta tun yana Saigon a ƙasar Biyetnam ta yau. Calmette ya ci gaba da haɗa makari daga jinin dawaki a birnin Lille, ana aikawa ƙasashe da dama. A ganinsa, abin da ke kisa a dafin kowane maciji kusan iri ɗaya ne, don haka makarinsa zai yi maganin saran macizai gaba ɗaya.

Da rubuce-rubucen Calmette suka shigo hannun Vital Brazil, sai ya bar gwajin tsirrai ya koma ga wannan hanya. Ganin cewa aikin na buƙatar ɗakin gwaje-gwaje, ya bar Botucatu a 1897 ya kama aiki a cibiyar nazarin ƙwayoyin cuta ta jihar São Paulo, ƙarƙashin shugabancin Adolfo Lutz.

Gano cewa kowane dafi da makarinsa

Macizai iri biyu ne suka fi yin ɓarna a jihar São Paulo. Na farko shi ne jararaca da danginsa, waɗanda masana ke kira Bothrops. Na biyu shi ne cascavel, daga dangin Crotalus, wanda ke da wasu busassun ɓawo a ƙarshen wutsiya da ke ƙara kamar caki idan ya kaɗa ta.

Tun a Botucatu Vital Brazil ya lura cewa saran macizan biyu ba ya kama da juna. Saran jararaca na kawo zafi mai tsanani da kumburi, naman wurin ya ruɓe, jini ya ƙi daskarewa har ya riƙa fita ta dasashi da sauran kafofin jiki. Saran cascavel kuwa ba ya kumbura sosai. Dafinsa jijiyoyi da tsoka yake kamawa: fatar ido ta saki, gani ya rikice, jiki ya mutu, fitsari ya yi duhu, daga baya ƙoda ta daina aiki. Tunda alamun sun bambanta haka, ya yi zargin cewa gubar da ke cikin dafin ma ta bambanta.

Ya gwada makarin Calmette a kan dafin macizan biyu, ya ga bai kare dabbobin gwaji ba. Sai ya raba karnuka da awaki gida biyu, wasu ya riƙa yi musu allurar dafin jararaca, wasu na cascavel, har suka sami garkuwa. Ruwan jinin rukunin farko ya kashe kaifin dafin jararaca amma bai taɓa na cascavel ba. Na rukuni na biyu ya yi maganin dafin cascavel amma ya gaza a kan na jararaca. Zuwa 1898 ya kammala waɗannan gwaje-gwaje, a 1901 kuma ya bayyana sakamakonsu a mujallar likitoci ta São Paulo.

Bayanin da kimiyya ta bayar daga baya shi ne, dafi gauraye ne na sinadarai masu yawa, kuma haɗin kowane dangin maciji daban yake. Jikin dabba yana ƙera sinadaran garkuwa ne daidai da siffar gubar da ya gamu da ita, kamar yadda ake yanka ɗan makulli daidai da kwaɗonsa. Macizan da suke dangi na kusa sukan yi tarayya a wasu sinadarai, shi ya sa makarin ɗaya kan taɓa dafin ɗan'uwansa. Idan dangantakar ta yi nisa, kamar tsakanin gamsheƙar Asiya da jararaca, makarin ba ya amfani.

Wannan ra'ayi ya saɓa wa na Calmette, wanda yake babban masani a cibiyar da duniya ke ji da ita, kuma an shafe shekaru ana muhawara a kai a mujallun kimiyya. Masu bincike a Ostireliya da Indiya, irin su Charles Martin da Frank Tidswell da George Lamb, su ma sun ga makarin Calmette ya gaza a kan macizan ƙasashensu. A ƙarshe ra'ayin dacewar makari da dafi ne ya tabbata.

Annobar Santos da kafa Butantan

A ƙarshen 1899 wata cuta ta ɓulla a Santos, tashar jiragen ruwan da ake fitar da kofin São Paulo zuwa ƙasashen waje. An tura Vital Brazil ya bincika, ya gano cewa annobar bubonik ce, wadda ƙumar ɓera ke yaɗawa. Adolfo Lutz da Oswaldo Cruz sun tabbatar da haka. Shi kansa ya kamu da cutar a wurin aikin, amma ya tashi.

Maganin annobar a lokacin shi ma ruwan jinin doki ne, kuma daga Cibiyar Pasteur ta Paris ake samo shi, ga shi ba ya wadatuwa. Saboda haka gwamnatin jihar, bisa shawarar shugaban hukumar lafiya Emílio Ribas, ta sayi wata gona a bayan gari mai suna Butantan don a riƙa haɗa maganin a gida. Sunan gonar daga harshen Tupi yake, ma'anarsa ƙasa mai tauri. Aka damƙa aikin a hannun Vital Brazil, wanda ya fara shi a wata rumfa kusa da bargar dabbobi, da ma'aikata ƙalilan da kayan aiki kaɗan. Wannan annoba ce kuma ta sa gwamnatin tarayya ta kafa irin wannan cibiya a Manguinhos da ke Rio de Janeiro a 1900, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Oswaldo Cruz.

Ranar 23 ga Fabrairu, 1901, aka mayar da ɗakin gwajin Butantan cibiya mai zaman kanta, da Vital Brazil a matsayin shugaba. A watan Yuni na shekarar cibiyar ta fitar da maganin annoba na farko, a watan Agusta kuma ta fitar da makarin dafin maciji. An yi shi kashi uku: na saran cascavel, na saran jararaca, da gauraye na biyun don wanda bai san macijin da ya sare shi ba. Daga baya aka ƙara na macijin murjani, wato dangin Micrurus. A 1904 ya tafi Turai ya ƙaro ilimi a Cibiyar Pasteur, a 1914 kuma aka buɗe babban ginin Butantan.

Yadda ake haɗa makarin

Hanyar da aka bi a Butantan ita ce tushen wadda ake bi yanzu. Ana riƙe maciji ta bayan kai, a buɗe bakinsa a kan ƙaramin faranti na gilashi, a matsa jakar dafin har ya ɗigo. Sai a busar da dafin a adana. Daga nan a riƙa yi wa doki allurarsa, a fara da ɗan mitsitsi, ana ƙarawa sannu a hankali na tsawon watanni, har jikinsa ya tara sinadaran garkuwa. An zaɓi doki ne saboda girmansa da yawan jininsa da sauƙin kiwonsa. Idan garkuwar ta kai, sai a ɗebi wani kaso na jinin, a raba ruwan, a auna ƙarfinsa a kan ƙananan dabbobi irin su tantabaru, sannan a ɗura a 'yan kwalabe a liƙe.

Makarin farko ɗanyen ruwan jinin doki ne, saboda haka yakan jawo wa wasu majinyata ƙaiƙayi da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, wani lokaci har da sarƙewar numfashi. A shekarun da suka biyo baya an samo hanyoyin tace shi, ana ware sinadaran garkuwa daga sauran abubuwan da ke cikin jinin, abin da ya rage wannan matsala.

Musayar maciji da magani

Ƙa'idar da ya gano ta ɗora wa cibiyar nauyi. Tunda dole ne a haɗa makari da dafin macizan ƙasar, to ana buƙatar macizai masu rai da yawa, kuma a kai a kai. A ɗaya ɓangaren, maganin da ke ajiye a birni ba shi da amfani ga wanda maciji ya sara a gonar da ke nesa.

Vital Brazil ya haɗa matsalolin biyu ya warware su tare. Cibiyar ta riƙa aika wa masu gandaye da manoma akwatunan katako da wata doguwar sanda mai zargen fata a baki, wadda Adolfo Lutz ya ƙirƙiro don kama maciji ba tare da an kusance shi ba. Wanda ya aiko da macizai sai a biya shi da kwalaben makari da sirinji da takardar bayanin yadda ake allurar. Ya kuma shawo kan kamfanonin jirgin ƙasa suka yarda su riƙa ɗaukar akwatunan kyauta. Ta haka dubban macizai suka riƙa isa Butantan kowace shekara, makari kuma ya bi layin dogo ya shiga gonaki.

Kowace kwalba tana tafiya da takardar da za a cike a mayar: wane maciji ne, ina ya sari mutum, bayan awa nawa aka yi allura, kwalba nawa aka yi, kuma majinyacin ya rayu ko ya mutu. Waɗannan takardu suka zama tushen ƙididdigar saran maciji a Birazil. Macizan da aka aiko kuma suka zama tushen wani babban tarin samfura da masana suka yi amfani da shi wajen gano ire-iren macizan Kudancin Amurka da wuraren da suke zaune.

Wayar da kan jama'a

A 1911 ya wallafa littafinsa mai suna A Defesa contra o Ophidismo, wato kariya daga saran maciji, wanda aka buga da harshen Fotugal da na Faransanci. Littafin ya bayyana yadda ake bambanta maciji mai dafi da marar dafi, da yadda dafi ke aiki, da hanyoyin kariya da na magani. Ƙididdigar da ya tara ta nuna cewa mafi yawan sara a ƙafa da ƙwauri yake faruwa, don haka ya yi ta kira ga masu gandaye su sama wa ma'aikatansu dogon takalmi.

Ya kuma yi kira a daina kashe macizai marasa dafi, musamman mussurana, wani baƙin maciji da ke haɗiye jararaca da danginsa, dafinsu kuma ba ya yi masa illa. A Butantan an gina fili na musamman mai kewaye da ruwa da 'yan ɗakuna masu kama da tukwane a kife, inda jama'a ke zuwa kallon macizai da yadda ake tatsar dafi. Wurin ya zama abin ziyara ga baƙin ƙasar. Tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya je can a 1913, ya kuma ba da labarin ziyarar a littafin tafiyarsa ta Birazil.

Tafiya Amurka da kyautar haƙƙin mallaka

A ƙarshen 1915 ya tafi Washington don halartar taron masana kimiyya na nahiyar Amurka. A watan Janairun 1916, yana birnin New York kafin ya kama hanyar gida, wani babban maciji mai ƙarar wutsiya ya sari wani ma'aikacin gidan zu na Bronx. Magungunan da aka yi masa ba su yi aiki ba, jikinsa ya ci gaba da tsananta. Aka nemo Vital Brazil, wanda yake tafe da kwalaben makarin cascavel daga Butantan. Da yake macijin da ya yi saran ɗan dangin Crotalus ne, aka yi wa mutumin allurar, ya kuma warke. Jaridun Amurka sun yaɗa labarin, sunan Butantan ya ƙara fita duniya. Kimanin shekara goma bayan haka, lokacin da aka fara haɗa makarin dafi a Amurka, wani masanin Butantan ne, Afrânio do Amaral, ya jagoranci aikin.

A 1917 aka ba Vital Brazil takardar haƙƙin mallakar fasaharsa ta haɗa makari. A shekarar ya miƙa ta kyauta ga gwamnatin jihar São Paulo, domin maganin ya zama na jama'a. A Birazil ta yau cibiyoyin gwamnati ne ke haɗa makarin dafi, ma'aikatar lafiya ta saya ta rarraba wa asibitoci, ana kuma yi wa majinyaci kyauta.

Niterói da shekarun ƙarshe

Saɓani ya shiga tsakaninsa da shugabannin hukumar lafiya ta São Paulo a zamanin Arthur Neiva, a kan yadda za a tafiyar da Butantan. A 1919 ya bar cibiyar ya koma Niterói, birnin da ke fuskantar Rio de Janeiro ta ɗaya gefen mashigin teku. Ranar 3 ga Yuni na shekarar ya kafa Cibiyar Vital Brazil, wadda ta riƙa haɗa makari da alluran rigakafi da magungunan mutane da na dabbobi.

A 1924 gwamnatin São Paulo ta sake kiransa ya shugabanci Butantan, ya riƙe ta har 1927. A wannan zango ya yi aiki da masanin Faransa Jean Vellard a kan dafin gizo-gizo da na kwaɗi, suka haɗa makarin cizon wasu gizo-gizai masu haɗari. Butantan ta kuma riƙa haɗa makarin harbin kunama. Daga nan ya koma Niterói, inda ya ci gaba da jagorancin cibiyarsa har ƙarshen rayuwarsa. Cikin abubuwan da ya yi nazari a kai a shekarun nan akwai amfani da dafin cascavel da aka tsarma sosai wajen rage raɗaɗin ciwo.

Iyali da mutuwa

Ya yi aure sau biyu. Matarsa ta farko, Maria da Conceição Philipina de Magalhães, ya aure ta a 1892, ta mutu a 1913. A 1920 ya auri Dinah Carneiro Vianna. Ya haifi 'ya'ya 22 a aurarrakin biyu. Cikinsu akwai Oswaldo Vital Brazil, masanin harhaɗa magunguna wanda shi ma ya yi bincike a kan dafin macizai, da Álvaro Vital Brazil, mai zanen gine-gine, wanda ya zana babban ginin cibiyar Niterói.

Vital Brazil ya mutu a Rio de Janeiro ranar 8 ga Mayu, 1950, yana da shekara 85.

Binciken da ya biyo bayansa

Tarin dafi da ƙwarewar da aka samu a Butantan sun mayar da São Paulo ɗaya daga cikin manyan wuraren nazarin dafi a duniya. A 1938 Karl Slotta da Heinz Fraenkel-Conrat suka ware babbar gubar da ke cikin dafin cascavel a cibiyar, suka sa mata suna crotoxin. A 1948 Maurício Rocha e Silva da Wilson Beraldo da Gastão Rosenfeld, suna gwaji da dafin jararaca a wata cibiyar ta São Paulo, suka gano wani sinadari da ke fitowa daga jini yana buɗe hanyoyin jini, aka kira shi bradykinin.

A 1965 Sérgio Henrique Ferreira, ɗalibin Rocha e Silva, ya nuna cewa dafin jararaca na ɗauke da wasu sinadarai da ke ƙara wa bradykinin ƙarfi. Daga wannan bincike masana a kamfanin Squibb na Amurka suka haɗa captopril, maganin hawan jini da ciwon zuciya, wanda hukumomin Amurka suka amince da shi a 1981. Shi ne na farko da ake sha ta baki a wani rukunin magungunan hawan jini da miliyoyin mutane ke amfani da su yanzu. A 2008 kuma masu bincike a Butantan suka bayyana wani sinadarin rage raɗaɗi mai suna crotalphine, wanda aka samo daga nazarin dafin cascavel.

Muhimmancin aikinsa ga Afirka ta Yamma

A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, saran maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a kowace shekara, mafi yawansu manoma da makiyaya a Afirka da Asiya. A 2017 hukumar ta sa shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su, a 2019 kuma ta fitar da shirin rage mace-mace da naƙasa da rabi kafin 2030.

A yankin savana na Najeriya da maƙwabtanta, kububuwa ce ta fi kisa, sai kasa da kumurci. Dafin kububuwar Afirka ta Yamma ya bambanta da na 'yar'uwarta ta Indiya, kuma an ga sakamakon haka a aikace. A wani asibitin karkara a tsakiyar Ghana, da aka koma amfani da makarin da aka haɗa da dafin macizan Indiya, yawan masu mutuwa cikin waɗanda aka yi wa magani ya tashi daga kashi 1.8 cikin ɗari zuwa kashi 12.1. Saboda irin wannan ne aka haɗa magungunan EchiTAb da dafin macizan da aka kamo a Najeriya, ɗaya a Birtaniya, ɗaya a Kosta Rika, aka kuma gwada su a asibitin Kaltungo da ke jihar Gombe, inda ake jinyar dubban waɗanda maciji ya sara a kowace shekara.

Karramawa

Titin da ke kaiwa Cibiyar Butantan a São Paulo yana ɗauke da sunansa, haka ma asibitin cibiyar da aka buɗe a 1945 don jinyar waɗanda dabbobi masu dafi suka cutar, da kuma unguwar da cibiyarsa take a Niterói. An mayar da gidan da aka haife shi a Campanha gidan tarihi. A 1991 babban bankin Birazil ya fitar da takardar kuɗi ta cruzeiro 10,000 mai hotonsa tare da hoton tatsar dafi, a bayanta kuma mussurana yana haɗiye jararaca.

A watan Mayun 2010 gobara ta cinye mafi yawan tarin samfuran macizai na Butantan, wanda aka fara haɗawa tun zamaninsa kuma ya kai dubun dubata. Cibiyar kanta tana nan tana aiki, kuma tana cikin manyan masu haɗa makarin dafi da alluran rigakafi a Kudancin Amurka.